Daddawar Hajiya a Kuala Lumpur

Tun ranar da na dawo daga Maleshiya ba a bar ni na yi hamma cikin kwanciyar hankali ba. In na fito daga masallaci Malam Ilu mai goro zai tare ni, wai da gaske ne jirgin ƙasarsu ba shi da direba. In na zauna a bakin shago Ɗanjuma zai matso, wai an ce na ci kwaɗo da tsinke. Shekaranjiya kuma labari ya iso mini cewa na auro 'yar Koriya na ɓoye ta a gida, shi ya sa ba na barin kowa ya shiga ɗakin marigayiya matata, Hajiya. To, na gaji da amsa tambaya ɗaya sau goma. Na sayi littafin rubutu mai layi, zan zuba komai a ciki, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba. Aji huɗu na yi a elementare, sauran ilimina a kan keken ɗinki na samo shi, shekara arba'in a layin telolin Fagge. Duk wanda ya ga kuskure ya je Maleshiya ya dawo ya rubuta nasa.

Ɗana na uku, Nasiru, shi ne a can. Gwamnati ce ta tura shi karatun da in ya gama za a riƙa ce masa dakta, amma ko ciwon kai ba zai iya dubawa ba, wai shi na ruwan famfo ne. Daminar da ta wuce mahaifiyarsa ta rasu yana tsakiyar jarrabawa. Da asuba ta cika, kafin azahar mun kai ta, shi kuwa ko da jirgi na jiransa a ƙofar ɗaki sai ya yi kwana biyu a hanya. Na faɗa masa a waya, ya ce inna lillahi. Tun daga ranar in ya bugo sai ya tambayi ƙafata, ya tambayi ruwan sama, ya tambayi 'yan uwansa ɗaya bayan ɗaya. Ita kaɗai ce ba ya ambata.

Kafin ciwo ya kwantar da ita ta yi daddawa, wadda ta zama ta ƙarshe. Wanda ya san Hajiya ya san ba ta sayen daddawar kasuwa. Da kanta take dafa ƙalwa, ta surfa, ta wanke, ta rufe, ta kirɓa, ta shanya. Ta ware dunƙule bakwai ta sa a samira ta ce mini, "Malam, wannan ta Nasi ce, kada ka bari kowa ya taɓa." Nasi take ce masa tun yana goye. Da ya aiko mini da tikiti ya ce in zo in yi mako uku in huta, kafin in ɗauko fasfo samirar na fara ɗaukowa.

Leda uku na yi wa daddawar, na cusa a safa, na cusa safar a hula. A filin jirgin Kano wani ma'aikaci ya buɗe jakata. Ko kwance ledar bai yi ba, sunkuyawa kawai ya yi ya ja numfashi ya ce, "Baba, ta ƙalwa ce ko ta waken suya?" Na ce ta ƙalwa. Ya ce, "Ai na ji. Allah ya kiyaye hanya." Na ce a raina, in haka iyakokin duniya suke, ashe tafiya ba komai ba ce.

Muka sauka a wata ƙasar Larabawa muka canza jirgi. Can na yi karo da famfon da ba shi da kan murɗawa. Na danna, na ja, na ƙwanƙwasa, ko ɗigo. Ina juyawa zan tafi hannun rigata ya gifta ta ƙarƙashinsa, sai ga ruwa. Na juyo, ya ɗauke. Haka muka yi ta yi da shi har wani Balarabe ya ji tausayina, ya kama hannuna ya tara mini kamar jinjiri. Alwalar da na yi ranar ban taɓa shan wahalar irinta ba, ina fata ladan ya yi daidai da ita. Abincin jirgi kuwa ba zan ɓata takarda a kansa ba. Kwano shida aka ba ni, in an juye su duka ba za su cika ludayi biyu ba.

A iyakar Maleshiya na'ura ta hango dunƙule bakwai a jakata, aka ware ni gefe. Wata ma'aikaciya mai ɗankwali ta ciro hular, ta ciro safar, ta fara kwance leda. Ta tambaye ni da Turanci ko mene ne. Turancina na tela ne, na iya ƙugu, na iya tsawo, na iya ka dawo Litinin. Na haɗa abin da ya samu: na ce miya, na ce matata, na nuna sama da yatsa. Ta kwance leda ta uku, warin ya fito ya gaishe ta. Ta kira abokiyar aikinta, su biyu suka sansana, sai na ji ta ce, "Belacan." Ni kuwa bala'in can na ji. Na ce mata da Hausa tsantsa, "'Yata, ba bala'in can ba ne, ba na nan ba ne, daddawa ce." Daga baya aka gaya mini belacan tasu daddawar ce, da ƙananan jatan lande suke yin ta. Ta dube ni, ta dubi inda yatsana ya nuna, ta sake ƙulle ledar ƙullin da ya fi nawa kyau, ta miƙo mini da hannu biyu.

Nasiru na jirana a waje. Ya rame, ya tara gemu. Ya durƙusa ya gaishe ni a gaban jama'a, na ji daɗin cewa boko bai cinye masa gwiwa ba. A cikin tasi ya ɗan motsa hanci ya ce, "Baba, me ke cikin jakar nan?"

Na ce, "Saƙon mahaifiyarka."

Ya juya wajen taga ya ce, "Ka ga waɗancan, itatuwan manja ne." Har muka isa gida itatuwan manja yake nuna mini.

Unguwarsu Taman Melati ake ce mata, ɗalibai ne birjik, har da 'yan Arewa da ke gaishe ni da rabin Hausa rabin Turanci su ƙarasa da "lah". Gidan bene ne, su suna hawa na goma sha huɗu. A jikin lif an manna hoton wani abu mai ƙaya an ja masa jan layi. Na ce, "Ikon Allah, har bushiya ake kiwo a garin nan sai da aka hana hawa da ita?" Nasiru ya ce ba bushiya ba ce, wani ɗan itace ne, duriyan, don warinsa aka hana shiga da shi. Na ɗan matse jakata. Ashe ƙasa na shigo wadda wari ma yana da doka.

Matarsa Sa'adatu ta tarbe ni da fara'a, tana da ƙaramin ciki, na fari. Ta kawo ruwa, ta zauna muna gaisawa, na buɗe jaka zan ba da saƙo. Ban kai ga leda ta biyu ba ta miƙe da gudu ta yi banɗaki. Ta dawo ido jawur tana cewa, "Baba ka yi haƙuri, wallahi ba ni ba ce." Na ce na sani, mai gidan da ke ciki ne, kuma in ya fito zan yi shari'a da shi. Nasiru ya karɓi ƙunshin, ko kallonsa bai yi ba, ya kai baranda ya rufo ƙofa. Ya ce gobe za a yi miya.

Gobe ta zo aka ci shinkafa. Jibi aka ci taliya. Iskar garin kuwa jiƙaƙƙiya ce, ko rigar da ka shanya sai ta yi kwana biyu tana tunani. Rana ta uku na leƙa baranda na taɓa daddawar, na ji ta fara laushi, kuma an matsar da ita kusa da kwandon shara. Na yanke hukunci ni kaɗai: yaron nan kunyar warin gidansu yake ji, jira yake in kau da ido a jefar. Babbar rigata kuwa ni na ɗinka ta, aljihun gabanta zai ɗauki ɗan akuya. Na zuba dunƙule bakwai a ciki. Daga ranar duk inda na sa ƙafa a Kuala Lumpur tare muke da su.

Malam Ilu, ga amsarka: gaskiya ne, jirgin ƙasarsu ba direba. Na je har gaba na leƙa, gilashi ne kawai da hanya. Na karanta abin da ya sawwaƙa na koma. Amma abin da ya fi burge ni a jirgin tarbiyyar mutanen. Ina shiga za a tashi a ba ni wuri, ba kujera ɗaya ba, layin gaba ɗaya. Na ce wa Nasiru a Kano ko kana da furfura har gwiwa sai an matse ka, amma dubi yadda ake girmama dattijo a nan. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Haka ne, Baba." Sa'adatu kuwa in za mu fita tana can ƙarshen tarago da hankici a hanci, a titi ma taku goma take ba mu, kamar ba ta san mu ba.

Mun je tagwayen benayen nan da kuke gani a kalanda. Dogaye ne, na ɗaga kai hulata ta faɗi, shi ke nan labarinsu. Wurin da na ji ni a gida shi ne layin Masjid India, Kantin Kwari ne aka wanke aka goge. Na juya wata riga na duba ɗinkinta ta ciki, mai shagon, wani Ba'indiye, ya gane ni ɗan sana'a ne, ya kawo mini shayin da ake zubowa daga sama kamar na masu shayinmu, sai dai shi ba ya zubar da rabi a ƙasa. A nan ne na lura da allunan masu abinci. Ko'ina na duba sai in ga an rubuta nasi, nasi kaza, nasi kaza. Na tambaya aka ce shinkafa ke nan a bakinsu. Na yi dariya har da riƙe ciki, na ce, "Ashe shekara talatin shinkafa muke kira a gidanmu." Sa'adatu ta yi dariya daga nesa. Nasiru bai yi ba.

Kwana goma sha biyar suka wuce a haka. Wata safiya yana ɗaura takalmi zai tafi makaranta na ce, "Nasiru, in kunyarta kake ji ka faɗa mini. Ni na kawo ta, zan iya komawa da ita."

Ya ce, "Ba haka ba ne, Baba."

"To yaya ne?"

Ya ce zai makara. Ya fita. Na zauna na lissafa, saura kwana shida in tafi, kuma ban san abin da zan ce wa samirar nan ba in na mayar mata da abin da aka ce in kai.

Ranar Asabar kwaɗayin Sa'adatu ya tashi. Abu ɗaya ne cikin ya yarda da shi, abincin wata 'yar Koriya a Ampang, unguwar da 'yan Koriya suka taru da shagunansu. Na ce tsaya, mutanen nan ba su ne aka ce ba abin da ke wuce su ba, mai ƙafa huɗu sai tebur? Ta ce wannan Musulma ce, wani Bamale ɗan ƙasar ta aura shekara talatin, ta ma je Hajji. Na ce to a je, amma ni kallo zan yi.

Bayan la'asar muka isa. Rumfa ce a gaban wani ɗan shago, da manyan farantan suya biyu da benci. Matar gajera ce, sa'ar Hajiya, da ɗankwali da hannu mai sauri. Mijinta na gefe yana karanta jarida, irin mazan da suka daɗe da sallama wa matansu mulki. Ta ce mini "Pak Haji", wato Baba Alhaji, ta nuna benci, Sa'adatu kuwa ta zauna a wani can nesa. Ni da na ce kallo zan yi, ga abin da na kalla.

Na farko tokboki, shi ne Sa'adatu ke mutuwa a kai. Tuwon shinkafa ne aka murza shi kamar yatsa, aka jefa a jar miya mai yaji da zaƙi. Yana da danƙo, in ka tauna sai ya tauna ka. Na biyu kimci, kabeji ne da aka yi wa yaji aka rufe shi har ya yi tsami. A gida in kabeji ya kai haka akuya ake ba, a can kuwa sai da na nemi ƙari. Na uku hotok, ɗan uwan fanke ne amma an danne shi, cikinsa sukari da kirfa da gyaɗa. Ba wanda ya gargaɗe ni cewa sukarin ya narke yana tafasa. Na gatsa, rabi ya ƙona mini harshe, rabi ya sauka a kan aikin wuyan rigata. Tabon na nan, mai shakka ya zo ya gani.

Sai aka kawo wani da suka ce sunansa kimbab. Na ce alhamdu lillahi, yau ga abin da na sani, ashe har kimba ta iso nan. Shinkafa ce aka naɗe da wata baƙar takarda aka yayyanka. Na ɓare takardar a hankali na ajiye gefe, na tona shinkafar, ga karas, ga ƙwai, ga kifi, ba kimba ko ƙwaya. Na ce wa Nasiru ya gaya mata an manta da kimbar. Sa'adatu ta kusa faɗowa daga bencinta don dariya. Wai ba ruwansa da kimba, takardar da na ɓare kuwa ganyen teku ne, shi ne ma abin ci. Daga nan na raɗa wa matar suna Hajiya Kimba, kuma har na baro ƙasar tana amsawa.

Abin da ban iya jurewa ba shi ne almakashi. Ta soya wata faffaɗar waina mai ganyen albasa, maimakon wuƙa sai ta ɗauko almakashi ta hau yanka kamar yadi. Shekara arba'in ina riƙe da almakashi, ban taɓa ganin an wulaƙanta shi haka ba. Kuma yana taunar wainar, ba ya yanka. Na miƙa hannu na ce a ba ni. Kusarsa ce ta saki. Na ɗaure ta da bakin makulli, na kifa kofin tangaran na wasa shi a gindinsa, na gwada a gefen jaridar mijin, ya tafi sumul. Ta zagayo ta karɓa, ta sunkuyo za ta yi godiya irin tasu. Sai ta tsaya a sunkuye. Hancinta ya motsa. Ta dubi aljihuna ta faɗi wata kalma, abin da kunnena ya kama shi ne canggukjan.

Nasiru ya fara ba ta haƙuri da Turanci, yana cewa yanzu za mu tashi. Ta ɗaga masa hannu, ta nuna aljihun, ta buɗe tafinta. Na ciro dunƙule ɗaya na kwance na ɗora mata. Ta rufe ido ta sansana, ta daɗe. Sai ta shige cikin shago, ta fito rungume da wata tukunyar ƙasa lulluɓe da bargo. Mijin na ganin tukunyar ya naɗe jaridarsa ya koma wajen Sa'adatu. Hajiya Kimba ta buɗe tukunyar. Jama'a, daddawa ce. Ta waken suya, jiƙaƙƙiya, mai yauƙi, amma ko makaho ya shiga wurin ya san dangi ne suka haɗu. Ita ma ɓoye ta take yi a bayan shago saboda maƙwabta.

Ta yi wa Nasiru tambaya. Ya kau da kai. Na ce me ta ce? Ya ce, "Wai wa ya yi ta." Na ce to ka amsa mata mana, ni ba Turanci gare ni ba. Ya faɗa mata. Ban ji kalmomin ba, amma na san shi ne karo na farko da ya ambaci mahaifiyarsa tun daminar. Ta sake yin wata tambayar tana nuna tukunyar miya. Wannan karon ni ya juyo ya kalla.

Ya ce, "Baba, in aka dafa ta ta ƙare. Ban ga fuskarta ba, ban ɗauki makararta ba. Abin da hannunta ya taɓa da ya rage mini ke nan, ga shatin yatsunta ma a jiki. In na cinye sai me?" Ya ƙara da cewa, "Ba don a jefar na ajiye ta kusa da shara ba, nan ne kawai ruwan sama ba ya kaiwa."

Na dubi dunƙulen, ga shatin yatsun kuwa a jiki.

Ya ce, "Ka yi dariyar sunan shinkafa. Wata uku bayan rasuwarta ba na iya cin abinci a kanti. Duk matar da ta ɗaga murya ta ce nasi sai na waiwaya."

Mako biyu ina yawo da dunƙule bakwai a aljihu ina tsare su daga wanda ya fi ni son su. Aji huɗun nan dai aji huɗu ne.

Hajiya Kimba ta tambayi abin da ya ce, Sa'adatu ta fassara mata daga nesa ta cikin hankici. Ta saurara har ƙarshe, sai ta kai wa Nasiru ɗan duka a dantse, irin na uwa. Ta nuna tukunyarta ta yi magana mai tsawo, shi yana mayar mini da Hausa. Wai wannan tukunyar asalinta ta mahaifiyarta ce, kuma mahaifiyar ta fi shekara ashirin a ƙasa. Duk sanda za ta dafa sabon wake sai ta ɗebi cokali ɗaya na tsohuwar ta cuɗa a ciki ta rufe. Sabuwa ta kama daga tsohuwa, ita ma ta ba ta gaba. Na ce ai wannan sananne ne, haka matan Fulani ke zuba ɗan nonon jiya a madarar yau. Sananne ne, amma ni ban taɓa tunanin sa ba sai da 'yar Koriya ta faɗa.

Ta ɗauki almakashin da na wasa ta dubi Nasiru, tana jira. Ya daɗe yana kallon dunƙulen. Sannan ya gyaɗa kai. Ta raba shi biyu. Rabi ta ajiye a kofi ta ce na iri ne, mu dawo bayan kwana uku. Rabi ta marmasa a wata 'yar tukunya da ke kan wuta, ta zuba busasshen kifi, da kabewa, da barkono, da awara, awararmu dai ta bakin makaranta, sai dai fara ba a soya ba. Tana tafasa aka ajiye ta a gabanmu. Nasiru bai taɓa cokali ba, ita ma ta tsaya, wai a wurinsu babba ne ke fara ci. Na ce a wurinmu ma haka ne, a da. Na kurɓa. Ba miyar Hajiya ba ce, Hajiya ba ta taɓa jefa awara a miya ba. Amma tana ciki.

Nasiru ya kurɓa, ya sake kurɓa, ya sunkuyar da kai yana ci, ruwa na sauka ta gemunsa. Na ce, "Barkonon mutanen nan ba ya wasa." Ya ce, "Ba ya wasa, Baba." Sa'adatu daga bencinta tana share ido ta ce nata ma ya yi yaji. Ni ma dai ya ɗan kama ni. Mijin ne kaɗai barkonon bai taɓa ba, da yake jarida yake karantawa.

Ranar Talata muka koma. Hajiya Kimba ta ɗauko wata ƙaramar tukunya ta yaye bargon, ta sa cokali ta ɗaga, waken ya biyo shi da zare-zare. Ni a matsayina na wanda ya ci daddawar Hajiya shekara arba'in da biyu, gaskiya in da tana nan sai ta ce wake bai kai ƙalwa ba, kuma an yi gaggawar buɗewa. Nasiru ya sunkuya ya sansana ya ce, "Ita ce." Ban yi musu ba. Sa'adatu ta ɗaure hanci da ɗankwali ta matso har bakin tukunyar, ta rubuta yadda ake yi tun daga jiƙa wake, ta ce in ta sauka ita za ta riƙa yi. Hajiya Kimba ta raba sabuwar gida biyu, rabi nasu, rabi ta danna a wata 'yar tukunya ta ɗaure bakinta ta miƙo mini da hannu biyu. Na ba ta ɗan almakashina na aljihu da nake yanke zare da shi. Ta karɓa tana dariya, ta ce zai yi yankan albasa. Na haƙura.

Ana jibi zan tafi Nasiru da kansa ya kaɗa miyar kuka, ya jefa dunƙule guda cur. Muka tura Sa'adatu gidan maƙociyarta 'yar Zariya, muka rufe tagogi, muka toshe ƙarƙashin ƙofa da tawul saboda dokar bushiya. Muna ci yana ba ni labarin ranar da Hajiya ta kama shi yana satar ƙalwa a shanya, abin da ni ban taɓa sani ba. Biyar ɗin da suka rage ya nannaɗe su ya sa a firji. Ya ce ɗaya ta miyar suna ce.

Ɗanjuma, kwaɗo ban ci ba. Maganar 'yar Koriya da na ɓoye a ɗakin marigayiya kuwa, akwai ƙamshin gaskiya a ciki, ko in ce wari. Tana nan a kusurwa lulluɓe da bargo, kuma na riga na koyi dafa wake, wannan ce haihuwarta ta uku. Wanda ke son ganinta ya zo ranar Juma'a bayan an sauko, ya taho da cokalinsa.

Da na sauka a Kano, wannan ma'aikacin dai na tarar a bakin aiki. Ya buɗe jakata, ya ga 'yar tukunya, ya sunkuya ya ja numfashi. Ya ɗago yana ɗan yamutsa fuska, abin ya ɗaure masa kai.

Ya ce, "Baba, wannan fa? Ta ƙalwa ce ko ta waken suya?"

Na ce, "Ta Hajiya ce."